Kukan Matata Na Yi, Ba Hauka Ba

Zuwa ga Mai Girma Alƙalin Babbar Kotu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, Allah ya ja zamaninka. Sunana Mamman Lawal, manomi ne ni a Wurma ta ƙasar Kurfi. Na rubuto a fili ne domin ƙarata ta shekara a kotunku ba a saurare ni ba.

1. Damina uku ke nan da rasuwar matata Hansatu. Ta bar mini 'ya mai wata bakwai, Sa'ade. Kakarta ta wajen uwa ta tafi da ita Dutsin-Ma. Ban ja ba, don na san riƙon jinjira haƙƙin kaka ne a shari'a.

2. Ba zan ɓoye ba, mutuwar nan ta kayar da ni. Na yi kuka a gaban jama'a a maƙabarta. Gerona ya nutse cikin ciyawa, ko maimai ban yi masa ba. Yayan marigayiya, Alhaji Isiyaku, ya ce namiji mai hankali ba ya haka. Ya je ƙaramar kotu ya ce na taɓu, alƙali ya hana ni kusantar gidan da 'yata take. Ranka ya daɗe, ba sammaci, ba likita, ba wanda ya tambaye ni ko sunana. A bakin mai unguwa na ji hukuncina.

3. Malam Bitrus, wani Kirista akawu a Dutsin-Ma da ke sayen gyaɗa wurina, shi ya karanta mini tsarin mulkin da ya zo da gwamnatin farar hula. Ya ce, "Mamman, dokar nan kowane mutum ta ce, ba ta ware namiji ba. Ba a yanke wa mutum hukunci sai an ji ta bakinsa." Da wannan na shigar da ƙara. Sau huɗu ina zuwa, ana ce mini fayil bai iso ba.

4. Ranar kasuwar Dutsin-Ma da ta wuce na ga Sa'ade wajen masu kayan miya, tana riƙe da zanen kakarta. Goshin uwarta ne sak. Na durƙusa na gaida tsohuwa. Ta share hawaye ta ce, "Ba ni na hana ba, ɗan nan, tsoron hukuma nake." Yarinyar ta laɓe bayanta tana leƙena, kamar yadda yara ke leƙen baƙo.

Ranka ya daɗe, ba na neman a raba ta da kakarta, ba na neman a hukunta surukina Alhaji Isiyaku. Ina roƙon a sa ranar da za a ji ni. In ana shakkar hankalina, a kai ni gaban likita, ni na yarda. In an same ni lafiya, a bar ni in riƙa ganin 'yata ko da ranar Juma'a ce kaɗai. Ta kusa shiga makarantar allo, malam zai tambaye ta 'yar waye. Ina so in ta faɗi sunana, ta san fuskar mai sunan.

Allah ya yi maka jagora, ya raya maka zuriya a gaban idonka.

Wassalam.

Mamman Lawal,
Wurma.