Tabaran da Ka Ƙi Cirewa

Zuwa ga ƙanena Nasiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a can ƙasar sanyi. Inna na gaishe ka, haka ma mutanen Jiga Makera. Na rubuta a nan shafin sada zumunta inda kowa zai gani ne, don in na kira sai ka ce kana ɗakin gwaji.

Ban raina aikinka ba. Ranar da za ka tafi, a bakin rudun da muke adana albasa, ka ɓare fatar nan mai shara-shara ta cikin albasa, ka ce ta fi fallen ma'adinin da kake ɓarowa da salatif a wurin aikinka kauri nesa ba kusa ba. Wai in ka harba masa hasken leza, ƙwayar lantarki kan zabura ta bar gurbinta, amma ita da gurbin tare suke yawo har ta koma. Eksiton ka kira abin. Ka ce na'urarka na ɗaukar hotonsa kafin ido ya ƙifta.

To abin da bai kai ƙiftawar ido ba, shi ne ya ƙi aunuwa damina bayan damina? Haba Nasiru!

Ranar Juma'a da ka kira ta bidiyo, Inna ta tambaye ka yaushe za ka dawo. Ka amsa da jan tabaran nan na aikinku a fuska, wai hasken na ƙona ido. Ai kai ka taɓa nuna min fitilar saman ƙofarku, ka ce sai tana ci na'ura ke aiki. A kashe take. Na gani.

Kuma me ya sa ka ce Kawu ya ci gaba da noma fadamarka ta Andarai, ba ka ce zuwa yaushe ba?

Ina zargin ka karɓi aiki a can, kunyar faɗa kake. In haka ne gaya min, zan iya ɗauka.

Inna ta hana a faɗa maka, amma ni ba zan iya shiru ba. Ganinta na ta raguwa, likita a Jega ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. Wayar ma sai ta kai ta bakin hanci. Da ka kashe ta ce, "Auta ya rame ne? Ban ga idonshi ba."

Wallahi tsoro nike ji, ɗan Inna.

Allah Ya buɗa maka aikinka, Ya kawo ka tana gani. Kafin nan, in ka kira, cire tabaran.

Yayarka,
Hauwa'u