Cokalina Yana Jakata

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya sa ƙafar Baba ta yi sauƙi.

Bayan haka, an cire ni daga ɗakin ɗanɗano na kamfanin madarar da nake aiki. Jiya Manaja ya mayar da ni wajen manna takarda a jikin robobin yogot, wai don lafiyata. Da na matsa masa, sai ya ce ke kika je ofishinsa kika ce ina shan maganin ciwon damuwa, kuma madarar da nake ɗanɗanawa kullum ce ke kashe wa maganin ƙarfi, shi ya sa har yanzu ban warware ba.

Yaya, na san inda kika samo wannan. Lokacin da Baba ya yi ciwon mafitsara an ba shi kafso, aka ce kada ya haɗa da madara, kika riƙe maganar kamar wasiyya. Tun daga nan ko maganin tari aka kawo gida sai kin ɓoye gwangwanin madara. Da kin tambaye ni, da na gaya miki ba ma haɗiyewa. A ɗiba, a juya a baki, a tofar a kwano, a kurkure. Abin da ke isa cikina a wuni bai kai na shayin ɗanki ba.

Yanzu kowa lallaɓa ni yake kamar ƙwai. Mai gadi ma ya daina ce mini Uwar Tsami, sai “sannu” yana sunkuyar da kai. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Manaja ya ce in miƙa dogon cokalina ga wanda aka sa a gurbina. Na ƙi. Kowane mai ɗanɗano da nasa, nawa kuma yana jakata.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki.

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Na ga kiranki. Ban ɗauka ba ne don kada in faɗi abin da zan zo ina ba da haƙuri a kansa.

Na koma wurin likita, na kuma tambayi mai ba da magani na asibitin. Bakinsu ɗaya. Madara ba ta hana irin maganina aiki. Dokar da kika riƙe ta wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta ce, irin na Baba. Akwai wani tsohon maganin damuwa da bai jituwa da cukun da ya daɗe a ajiye, amma ba shi nake sha ba. Jinkirin warwarewa kuwa halin maganina ne, yakan ɗauki wata guda ko fiye. Likita ya tambayi abin da ke tashe ni daga gado da safe, na ce aikina. Ya ce to shi ne bai kamata a taɓa ba.

Yau da hutun shayi na tsaya gaban ma'aikata, na faɗi sunan ciwona da bakina, na haɗiye ƙwayar maganin da kofin madara. Na ce wa Manaja harshena lafiya lau yake, in yana shakka ya jera mini robobi in ɗanɗana. Mai gadi ya tuntsire da dariya, ya ce Uwar Tsami ta dawo.

Na san ƙauna ce ta kai ki ofishin nan, Yaya, amma ciwon nawa ne. Ba zan bar maganin ba, ba zan bar aikin ba.

Ki gaida Baba, kada kuma ki hana shi madara.
Ƙanwarki, Uwar Tsami.

Ƙari: Manaja ya ce zan koma ɗakin ɗanɗano ranar Litinin idan mai kamfani ya amince. Mai kamfanin ya yi tafiya, bai ba da amsa ba tukuna.