Rigar Sanyin Tsigi

Zuwa ga 'yata Tsigi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina da har yau a hoto kawai na san su. Yaya sanyin ƙasar taku? Mu nan lafiya lau, in aka cire ni.

Abin da ya same ni kuwa, fetur na sha. Kada ki tsorata, ga shi ina rubutu. Bakaniken nan namu, Gobe-da-safe, shi ya ce duk wanda zai ratsa hamada sai ya iya zuƙo mai daga jarka da tiyo. Na ce wannan ai wasan yara ne. Na kafa baki na ja, man ya taho da saurin da ban taɓa gani ba a gidan mai. Wuni na yi ina gyatsa, Mamanki ta kore ni daga kicin, wai kada in tashi gidan da mutanensa. Ta yi dariya har da hawaye, Tsigi. Na manta rabon da in ji wannan dariyar, don haka man bai tafi a banza ba.

To, gyara zama ki ji. Na yanke shawarar kawo miki Mamanki a mota. Na san za ki ce Baba ya zare, amma ki duba. Ke in kika fito ba tare da takardar zama ba, ba za a bar ki ki koma wa 'ya'yanki ba. Ita kuma likita ya hana ta jirgin sama saboda zuciyarta. Ga mantuwar nan tata kullum gaba take yi. Jiya a firij na tsinci takalmina. Wata rana ma "Malam direba" take ce mini, har ta tambayi kuɗin mota. Sai dai sunanki bai ɓace mata ba tukuna, kuma ina so ta gan ki tun yana nan.

Na sayo taswira na shimfiɗa a kan gado. Kin san karatuna bai yi nisa ba, amma ina gane shuɗi ruwa ne. Malamin makaranta na maƙwabta ya bi mini hanyar da biro: hamada, iyaka bayan iyaka, sai teku inda jirgin ruwa ke haɗiye mota da mai ita, sai duwatsu, sai ke. Na auna da hannu, duka bai fi taƙi biyu ba. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina raba burodi a motar kamfani, na yi tafiyar da ta isa zagaye duniya, sai dai duk tsakanin shagunan unguwa aka yi ta.

Mamanki tana saƙa miki rigar sanyi, ja wur. Kai ya manta abubuwa, amma hannun bai manta kwarashi ba. Kullum da safe sai ta naɗe rigar cikin jaka, ta shiga gaban mota ta zauna, ta tambaye ni ko yau ce tafiyar. Ni kuma in ce gobe. Ashe cutar bakaniken ana ɗauka.

Ki gaishe da maigidan, ki shafa mini kan yaran.

Babanki,
Direban tsakar gida.

Zuwa ga Tsigi,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ga wasiƙarki, na kuma ji faɗan. Na karɓa. Duk abin da kika lissafa na haɗarin hanya gaskiya ne, sai dai kin manta babban haɗarin, wato direban.

Shiri ya yi nisa. An buga mana biza bayan na yi zaryar da mai gadin ofishin ya fara tambayata yaya jikin Mama. An sa sabbin tayoyi, an ɗora ƙarfen kaya a saman mota, na cire kujerar baya na sa katifa. Na gwada kwanciya a kai, aka taru kafin a miƙar da ni.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro, kuma tun ɗazu nake kewaye-kewaye.

Gobe-da-safe ya ce in ɗora wa motar dukan kayan in fita bayan gari, a ji ko za ta yi zafi. Da Mamanki ta ga jarkoki da katifa sun hau, ba ta ko tambaye ni ba. Ta sa kayanta masu kyau, ta ɗauko jakar, rigar ta kammalu har da maɓallai. Na buɗe baki zan ce gwaji ne, na ga fuskarta, na rufe.

Mun yi tafiya mai ɗan nisa. Ta ga filin da ake ɗibar yashi, ta ce wannan ce hamadar, ashe ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Muka hau gada, ta ce in yi a hankali, teku ne. Na ce to, ranki ya daɗe. Barci ya ɗauke ta, ba ta farka ba sai da na tsaya shan mai.

Wata mata ce ke zuba man, siririya, tsawonku ɗaya, tana ɗan karkata kai in tana sauraro kamar yadda kike yi. Kafin in kashe mota Mamanki ta fita. Ta kira sunanki da ƙarfi, ta rungume matar, tana ta faɗa wai kin rame, wai wane irin miji ne zai bar ki kina tsayuwa a rana. Matar ta kalle ni ta saman kafaɗarta. Ban san me ta gani a idona ba, na dai ga ta ajiye kan famfon ta rungume ta ita ma, ta ce, "Sannu da hanya, Mama." Motoci na ta hon a bayanmu, ba wanda ya motsa a cikinmu.

Sai Mamanki ta ciro rigar ta sa mata da hannunta, ta ɓalla maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ta ce kada ki ƙara fita ba ita.

Ina tsaye da makulli a hannu, Tsigi. Muka juyo gida tana waƙa ƙasa-ƙasa.

Ki yi haƙuri da mai guntun karatu. Gaisuwa ga kowa.

Babanki.

Zuwa ga 'yata, 'yar albarka,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da kukan da kika sha. Da fatan yaran suna lafiya kuma ba su ga idonki ba.

Na ji lokacin da kika ce "Mama, ni ce" a waya, na kuma ga ta miƙo mini wayar tana cewa wata baiwar Allah ce ta yi kuskuren lamba. Ban ba ki haƙuri a lokacin ba don muryata ta ƙi fita. Na ce miki tari ne. Ba tari ba ne.

Tun ranar da muka dawo daga gidan man nan ba ta sake shiga mota ba. In na ce ta zo mu tafi wurin Tsigi, sai ta dube ni kamar ni ne mai mantuwar, ta ce ai mun je. Ta gaya wa matar malamin makaranta cewa kina lafiya, kin samu aiki, sai dai rama. Tana barci sosai yanzu, ta daina tsayuwa a taga. Likita ya ce kada in kuskura in yi doguwar tafiya da ita, zuciyar ta ƙara rauni. A satin ne kuma Gobe-da-safe ya kawo mini takardar inshora da safayar taya, yana washe baki wai komai ya kammala. Karo na farko a rayuwarsa da ya cika alkawari.

Na koma gidan man. Na tarar da matar sanye da rigar, da sanyin safiya. Tana ganina ta fara ɓalle maɓalli, ta ce ta san ba tata ba ce, tana ta jiran in zo. Na ce ta bar ta. Uwa ce ta sa mata da hannunta, ni wane ne da zan tuɓe? Ta tambayi jikin Mama. Na ce da sauƙi, na ja mota ba tare da na sha man ba, ko ta baki.

Akwai sauran jan zare a kwandon Mamanki. Na ɗauki kwarashin, ina koyo. Ina zama kusa da ita, in na yi kuskure sai ta buge mini hannu ta ce Malam direba ba ka da kai. Ta warware, in sake. Hannun riga ɗaya ya fito, ya yi tsawon da zai isa ki da maigidanki ku shiga tare.

Motar tana nan a tsakar gida, na lulluɓe ta da tamfol. Kowace safiya ina tayar da ita don kada batir ya mutu. Bizar za ta ƙare, zan sake nema. Ba zan taso ba muddin Mamanki tana buƙatar mai miƙa mata ruwa, kuma kin san ranar da zan samu damar tasowa. Ba na gaggawar ranar, Tsigi. Allah ya nisanta ta.

Amma in ta zo, zan bi layin biron nan har ƙofarki, ko da turi ne. Ina riƙe da kayanki biyu: riga, da rungumar da aka ba wata a gabana ina kallo. Rigar dai kada ki sa rai da kyanta. Ɗayar kuwa na ga yadda aka yi ta, ban manta komai ba.

Ki kula da kanki, ki riƙa rufe ƙirji kafin in iso.

Naki har kullum,
Babanki, ɗan koyon saƙa.