Ta Ce In Rarraba Gyaran, Ni Kuwa Wa'adi Ya Kusa

Malam, don Allah ka taimake ni, kaina ya ɗaure. Shekara huɗu ke nan rabona da gida. Na bar matata da jaririya, yanzu in na kira, yarinyar sai ta tambayi uwarta wane ne wannan. Ɗaure kwalaye nake yi a wani sito, mu biyar ne a ɗaki, kwamfutata ma a kan kifaffen bokiti nake ɗora ta don ba tebur.

Na koyi rubuta manhaja kafin in fito. Wani mai kamfani ya ce zai ba ni aikin da zan iya yi daga gidanmu, in dai na nuna masa gyarana da aka karɓa a manhaja ta kowa-da-kowa, irin wadda rubutunta ke buɗe, kowa ya gyara ya aika a duba. Ƙarshen watan nan zai rufe ɗaukar mutane.

Na zaɓi wata da ƙananan kantunan magani ke amfani da ita. Na gano tana kuskuren lissafin ranar lalacewar magani in shekara ta juya. Gyaran bai kai layi ashirin ba. To da na shiga, sai na ga nan ma da gyara, can ma da gyara. Na canza sunaye, na sa ta iya aiki ba intanet, na kuma danna abin nan mai daidaita tsarin rubutu, ya taɓa kusan kowane fayil. Watanni ina yi a ranakun hutuna. Na dunƙule komai na aika, bayanina kuwa layi ɗaya ne, wai gyare-gyare da dama.

Matar da ke kula da manhajar, wadda sai ta amince ake shigar da abu, ta ce ba za ta iya dubawa ba. Wai in rarraba shi ƙanana, kowanne da dalilinsa da gwajinsa. Malam, raina ya ɓaci ƙwarai. Ko sannu babu. To, kada in yi mata ƙarya, ta ce ta gode. Na kuma san ba biyanta ake ba, ita ma sai ta tashi daga nata aikin take dubawa. Amma ni fa? Kullum wasu na shigar da nasu gyaran, nawa yana cin karo da shi, ina kwance wannan, wancan ya ɗaure. In na tsaya rarrabawa, wata ya ƙare. In na bari, haka zai zauna. Ga shi na riga na ce wa matata ta fara shirin tarbata. Yaya zan yi?

Ɗan ci-rani da ya gaji

Ɗan'uwa, sannu da ɗawainiya. Gajiyarka ta gaskiya ce, aikinka kuma bai tafi a banza ba. Amma baiwar Allah nan ba ta zalunce ka ba. In ta amince da abin da ba ta karanta ba, kuskure ya sulale ciki, wani zai sayar wa mara lafiya maganin da ya lalace. Ka binne layi ashirin masu amfani cikin dubban da na'ura ta taɓa, ta ina za ta gano su?

Ba wanda ya ce sai ka rarraba komai a watan nan. Ɗauko sabon kwafin manhajar yadda take yau, ka sa gyaran ranar lalacewa shi kaɗai, kada ka kusanci mai daidaita rubutun nan. Haɗa da gwaji ɗaya da zai nuna kuskuren kafin gyaran, ya nuna ya gyaru bayansa. Rubuta mata matsalar, da yadda za ta gan ta da idonta, da abin da ka canza. Ranar hutu ɗaya ta ishe ka. Babban da ka aika kuwa, janye shi da hannunka, ka gode mata, ka tambaye ta ko tana ma son batun aiki ba intanet ɗin kafin ka sake kashe masa lokaci.

Ba zan yi maka alkawarin za ta duba kafin wa'adi ba. Saboda haka tun yanzu ka nuna wa mai kamfanin inda zai karanta tattaunawarku, ya ga yadda kake karɓar gyara. Maiɗakinka kuma ka kira ta, ka faɗa mata rana ba ta tsaya ba tukuna. Gara ta ji daga bakinka yau da ta yi ta kallon ƙofa.

Allah Ya sa a karɓa da wuri, Ya mai da kai cikin iyalinka lafiya.