Matata Na Zuwa Kamun Kifi, Ba Ta Taɓa Kawo Ko Ɗaya Ba

Anti Wasila, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da-na-sani. Ni mutumin Yawuri ne, jikan masunta, ina aiki a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, nan ƙasar Larabawa. Bara aka yi wa matata aikin sankarar mama, aka cire ɗaya. Alhamdu lillahi ta tashi, amma ta zama shiru-shiru, hannunta na dama kuma ba ya ɗaguwa sosai. Ni ban iya tada zancen ba. Ko kaya za ta canza, fita nake yi don kada ta ji kunya.

Sai ga wata ƙungiya ta matan da suka yi irin ciwon, wai ana kai su kamun kifi can wajen Ummul Kuwain, kwana biyu. Na bar ta. Sau uku ke nan tana zuwa, Anti, ko kifi ɗaya bai shigo gidan nan ba! Na shinshina kayanta, babu ƙarni. Na buɗe jakarta, sai ga ƙugiya an ɗaure mata gashin tsuntsu kamar ɗan kunne, babu tana babu komai. A gidanmu, wanda ya kwana biyu a ruwa ya dawo hannu rabbana, sai ya faɗi inda ya je. Ta ce sakin kifin suke yi. Wa ke sakin kifi? Kuma da fara'a take dawowa, har waƙa take a kicin, abin da na yi shekara ban ji ba. Wannan ya fi ci mini rai. Abokin aikina Halliru ya ce in hana ta, khalas, magana ta ƙare. Wata mai zuwa akwai wata tafiyar.

Mai Zargi, Al Warsan

Malam Mai Zargi, ajiye jakar nan tukuna. Ba na ganin laifinka da ka so sanin inda iyalinka ke kwana. Ka tambaye ta su waye masu shiryawa, ina masaukin, likitarta ta amince? Ita ma ya kamata ta yi maka bayani tun farko.

Amma shaidarka ba shaida ba ce. Akwai irin wannan fatsa: gashin tsuntsun ne ke yaudarar kifi, in ya kamu a mayar da shi ruwa. Ba don miya ake yi ba. Wurga zaren yana motsa kafaɗar da aka yi wa aiki, ga kuma zama da matan da ba sai ta yi musu bayanin komai ba. Kai ka auna abin da ma'aunin Yawuri.

Layi ɗaya ne a wasiƙarka ya tsaya mini: fitar da kake yi in za ta canza kaya. Kai kana ganin kara ce. Ina tsoron ita tana ganin gudunta kake yi. Can ta samu masu kallonta ba su kau da kai ba, shi ya sa take waƙa.

Kada ka hana ta, Halliru kuma ya ji da gidansa. Ranar hutunka ka ɗauke ta zuwa bakin teku, ka ce jikan masunta ya zo ta koya masa fatsarta. In kun koma gida ta tashi canza kaya, ka zauna.

Allah Ya ƙara mata lafiya, Ya zaunar da ku lafiya.

Anti Wasila