Kullutun Inna

Bukkuyum, Talata

Zuwa ga Yaya Abdussamad,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, da Turai da yara. Tunda har yanzu ba a maido da layin waya ba, na ba Muntari direba takardar nan ya kawo maka Anka.

Yaya, maganar kullutun da ke jikin Inna ce. Hankalina bai kwanta da shi ba. Ita ta ce ba ya mata ciwo, in bar ta ta huta. Gwaggo Uwani ta ce maruru ne da bai nuna ba, a kira wanzami. Maƙwabciyarmu kuma cewa ta yi jifa ne. Ni dai duk wanda ya yi magana sai in ji kamar shi ke da gaskiya. Inna ta hana in gaya maka, don Allah kar ka nuna ka sani.

Ka huta lafiya. Ƙanwarka,
Zinatu

Anka, Juma'a

Malama Zinatu,

Wa'alaikumus salam. Saƙonki ya iso, na kuma gode da kulawarki ga mahaifiyarmu.

Ki kwantar da hankalinki. Wannan kullutu na san shi tun ina ƙarami, na sha taɓa shi da hannuna. Duk da haka ban yi sakaci ba. Bayan an tashi makarantar da nake koyarwa na je wurin wani abokina ma'aikacin asibiti, na kwatanta masa shi dalla-dalla. Ya ce kullutu mai laushi, wanda yake zamewa in an danna shi, wanda kuma ya yi shekaru bai ƙaru ba, galibi kitse ne ya taru ƙarƙashin fata. Ya ce in na samu dama in kawo ta a duba, amma ba abin gaggawa ba ne. Wanzami kam kada ya kusance ta.

Ki gaishe da maigidanki. Wassalam.
Abdussamad

Bukkuyum, Lahadi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na karanta takardarka har ta fara yagewa, kuma na ƙara rikicewa. Ban san tun da can yake ba. Ni bayan Babbar Salla na fara ganin sa, ranar da nake zuba mata ruwa ta wanke kai. Ko dai ya daɗe, ni ce ban lura ba?

Da ka ce yana zamewa, na lallaɓe ta na danna. Bai motsa ba, Yaya. Tauri gare shi kamar ƙwallon goriba, fatar wurin kuma ta yi ɗigo-ɗigo irin na ɓawon lemo. Kuma a ganina ya ƙaru. Amma kai ka tambayi masu sani, ni ban tambayi kowa ba. Na hana wanzami, na kuma gaya wa Inna kitse ne. Ta ji daɗi, har ta ci tuwo da yawa.

Allah ya bar zumunci.
Zinatu

Anka, Laraba

Zinatu ƙanwata,

Ni ce Turai. Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna. Yayanki ya bar takardarki a aljihu, sai da na zo wanki na gan ta, kusan wata guda da zuwanta. Ya ce min tsoro ne kawai irin naki.

Na tambaye shi wane wuri yake nufi, ya ce ai na kafaɗarta ne, wanda kowa ya sani. To ke wane wuri kike nufi? Na kafaɗa ba bayan Salla ya fito ba, kuma ba shi da tauri. Ni mace ce 'yar'uwarki, ki rubuta min sunan wurin. Da aka kwantar da ni haihuwar Hafsa, na ji ana gaya wa mata cewa kullutu mai tauri, wanda ba ya motsi kuma yana girma, ba a jira sai ya yi ciwo. Ki ba Muntari amsa gobe.

Taki,
Turai

Bukkuyum, Alhamis

Anti Turai,

Na zauna na rasa abin yi da na karanta. Wallahi na kafaɗa ko tuna shi ban yi ba, tun da na buɗe ido nake ganin sa. A nononta ne na hagu, ta gefen hammata. Yanzu ma hammatar ta yi kaluluwa. Ta yaya zan rubuta wa Yaya wannan? Na ɗauka ya gane. Da ya ce ya sha taɓa shi, na zaci lokacin da yake jariri yake nufi, na ji kunyar in sake tambaya.

Na je na ce wa Inna ba kitse ba ne. Ta ce, "Jiya kin ce kitse, yau kin ce ba shi ba. Wanne zan kama?" Na ce ni ma ban sani ba, shi ya sa za mu asibiti. Sai ta ce, "In ɗana za shi, ya tsaya waje." Gobe za mu Gummi. Ki gaya masa yadda kika ga ya dace.

Ki sa mu a addu'a.
Zinatu

Sakkwato, Litinin

Zinatu,

Salam. Mun iso babban asibitin da likitan Gummi ya turo mu. Turai ce ta shiga da Inna, ni na tsaya waje. Sun ɗebi ɗan nama da allura za su gwada, sakamako sai nan gaba. Likitan ya kira ni ya yi min dogon bayani. Na tambaye shi ko mun makara, ya ce ba zai iya cewa komai ba tukuna, amma ya yi kyau da muka zo.

Da muka fito Inna ta tambaye ni me ya ce. Na fara magana, na tsaya, na sake farawa. Ta dube ni ta ce, "Kai ma ba ka gane ba ke nan." Na ce mata e.

Ki gaishe da Gwaggo. Ki rubuto min, ko ba wani labari.
Yayanki