Ban Mutu Ba, Ku Maido Mini Keken Ɗinkina

Zuwa ga mai girma Perzidan na kumiten da ya shirya ranar iyali a bakin kogi, unguwar Gamkalley, Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kumite, ina yi muku sannu da ƙoƙari. Mai rubuto maka wannan takarda shi ne Malam Hamidu Tela, mutumin Madawa, wanda ke ɗinki a Zongo tun ba a haifi rabin 'yan kumitenka ba. Na san ganin sunan nan zai ɗan faɗar maka da gaba, tunda a wurinku na rasu. To kwantar da hankalinka, Perzidan. Da hannuna nake rubutu, ina zaune a ƙofar shagona, shayina na gefe yana hucewa. Na yi ta sintiri zuwa bironku, ofishin kumite, har mai gadi ya daina tashi in ya gan ni, ban samu biyan buƙata ba, shi ya sa na fito da maganar fili kowa ya ji.

Na ɗaya, yadda keken ya bar hannuna. Kai da kanka ka zo shagona a kan babur, a cikin sanyin nan da ya wuce. Ka ce kun shirya wa iyalai yini guda a bakin kogi: za a ɗauki yara a kwalekwale su ga dorina da tsuntsaye, a zagaya da su lambuna su san sunan ganyen da suke ci, a kafa bash, wato rumfar tamfol, ɗaya inda uwaye da 'ya'ya za su yi saƙar faifai da ginin yumɓu, a kafa wani kuma na tarihi a jera kayan mutanen da. Sai idonka ya sauka kan kekena, baƙin nan na ƙafa wanda zanen furanninsa ya koɗe. Ka ce aro ne na yini ɗaya, kafin magariba yana wurinsa. Wallahi raina bai so ba, don ɗinki na jibge a gabana. Amma kai maƙwabcin surukina ne, ka tako har shago, ka cire hular kwano ka gaishe ni, yaya zan ce a'a? Na ji nauyinka. Ni na zuba masa mai, ni na goge shi, ni na taya a ɗora shi a amalanke. Kuma ina so a shaida na gaya maka keken nan yana aiki. Da safen ma rigunan 'yan lakkwal, yaran makarantar boko, na gama da shi. Ba ruwansa da kuran, in an ɗauke wuta masu keken zamani su fito waje su yi tagumi, ni kuwa ƙafata ba ta tsayawa.

Na biyu, abin da ya faru a bash ɗin tarihi. Ba zan ɓoye alherinku ba, taro ya yi kyau. Na zo da maiɗakina Rakiya da jikokinmu. Yaran sun shiga kwalekwale sun ga kunnen dorina, ko kuma dutse, mai jirgin dai ya rantse kunne ne. Ƙaramar jikata ta gina saniyar yumɓu wadda kowa ya yaba da ita a matsayin buta. Rakiya ta samu masu saƙar faifai ta zauna tana gyara musu hannu, ni kuma na ce bari in leƙa in ga yadda kekena yake.

Na same shi a kan tebur tsakanin wani turmi da fitilar aci-balbal da takobi mai tsatsa, an zagaye su da igiya. Na miƙa hannu in share masa ƙura, aka ce ba a taɓawa. Na ce to. Mai bayani shi ne Mushe Garba (Mushe muke ce wa malamin boko), tsohon malamin lakkwal da ya yi ritaya, dattijo mai murya, ga mikro a hannu. Duk abin da ya zo kansa sai ya ba da labarinsa, ya rufe da yi wa mai shi addu'ar jiƙai. Da ya iso kan kekena ya ce a kan raƙumi aka keto hamada da shi, kuma shi ya ɗinka wa wani kumandan wando a zamanin Nasara. Perzidan, a kasuwar Katako na saye shi, na hannu, a taksi na kai shi Zongo, har muka yi faɗa da direba a kan ƙafafunsa. Amma na ƙyale shi, na ce a raina ai ado ne, ba a hana dattijo ƙawata labari. Sai ya sa tabarau, ya sunkuya, ya karanta sunan da na sa aka rubuta da fenti a jikin katakon: Hamidu Tela, Zongo. Ya ɗago ya ce wannan bawan Allah ya daɗe da riga mu gidan gaskiya, bai bar komai a duniya ba sai wannan ƙarfe, don haka a ɗaga hannu.

To kai musulmi ne, ka gaya mini abin da za ka yi. An ce a ɗaga hannu, hannuna ya ɗagu da kansa kamar yadda ya saba. Ana tsakiyar Fatiha zan buɗe baki in ce a dakata? Aka ce Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, bakina ya ce amin. Kuma ni dama duk masallacinmu an san amin ɗina ya fi na kowa ƙarfi. Wata mata kusa da ni ta fashe da kuka, tana cewa da Zabarmanci mutumin kirki ne, bai taɓa cin ƙyallen kowa ba. Ni na ba ta haƙuri. Kafin in kutsa in isa wurin Mushe har ya wuce kan turmi yana neman wa mai shi rahama. Daga baya na gano mai turmin tana nan bakin ƙofar bash tana sayar da kopto, kwaɗon ganyen nan, har ita ma ta shafa addu'ar.

Na uku, abin da wannan addu'a ta jawo mini. Ashe matasa sun ɗauki abin a waya, kafin mu isa gida ya zaga gari. A cikin hoton ana ganin keken, ana jin sunana, ana jin amin ɗina, amma ni hulata kawai ta fito. Magariba ta yi keke bai dawo ba. Gari ya waye bai dawo ba. Mu a Zongo ba a leƙo tela a ga ko yana nan, ƙarar kekensa ake ji tun daga bakin layi. Ga shago a rufe, ga shiru, ga Mushe ya faɗa a mikro. Me ya rage?

Ranar Litinin da hantsi sai ga mutane da tabarmi a ƙofar gidana. Mata suka shiga suka rufe Rakiya da kuka, masu cewa sannu da haƙuri na yi, masu fonda tilas, ta'aziyyar Zabarmawa, na yi, ita kuwa baiwar Allah tana riƙe da ludayi tana tambayar wa ya rasu. Ni ina bayan gida. Na fito da buta a hannu, wata ta kwarara salati ta zura da gudu, har yau takalmanta suna nan ba ta aiko a ɗauka ba. Waɗanda ke zaune a waje wasu sun yi murna, Allah ya saka musu. Wasu kuma na ga alamar sun ji haushin taksin da suka hau tun daga ƙetaren gada. Wani ya dubi wayarsa, ya dube ni, ya sake duban wayar, ya ce shi dai abin da ya ji a nan ya fi fitowa sarai.

Wannan duk da sauƙi, ana iya dariya a wuce. Abin da ba na dariya ba shi ne masu ɗinki. Ɗaya bayan ɗaya suka aiko a karɓe musu yadinsu, wai kada a haɗa da shi a rabon gado. Hajiya Zainabu, wadda nake yi wa gidanta ɗinki tun tana amarya, ita da ƙafarta ta zo. Ta karɓi atamfofinta daga hannuna, ta yi mini gaisuwar rashina, sannan ta ce ta ga dai ina numfashi, ta kuma gode wa Allah, amma tela mai rai ba keke ba zai fitar da ita kunyar Sallah ba. Ban ga laifinta ba. Azumi ya ƙarato, kuma kowa ya san shi ne kakar tela. Yadin da ba a kawo maka a kwanakin nan ba, ya tafi ke nan sai baɗi. Ina zaune ina kallon kayan da aka saba kawo mini ana wucewa da su ta gabana zuwa shagon gaba, raina yana ƙuna.

Na huɗu, abin da na tarar a bironku, kuma shi ya fi ɗaure mini kai. Da farko an ce makullin ɗakin ajiya yana hannun ma'aji, ya tafi ƙauye. Da ya dawo aka ce wasu lakkwal sun nemi a bar kayan yara su zo su gani. Na yi haƙuri. A zuwana na ƙarshe Madam sakatariya ta zaunar da ni ta ce kumite ya zauna ya yanke shawara: kayan mamaci ba a miƙa su sai ga magada, a gaban shaidu, don gudun rigima. Na ce ni ne mamacin. Ta ce ta sani, ai tana da ido, ni na ɗinka mata kayan aurenta. Amma Mushe Garba shi ya koyar da su duka, har da kai Perzidan, kuma ya yi maganar a gaban manyan baƙi, babu wanda zai iya buɗe baki ya ce Mushe ya yi kuskure. Sai ta ba ni zaɓi don ta taimake ni: ko in zo a matsayin ƙanen marigayi da shaidu biyu, ko kuma Rakiya ta zo da kanta in ta fita takaba. Takaba, jama'a! Matar da ta dama mini kunu da safen nan!

Kada a ce na cika taurin kai, har na gwada hanyar farko. Na nemi abokan shayina biyu su raka ni. Ɗaya ya ce shi ba zai yi shaidar zur ga azumi a bakin ƙofa ba. Ɗayan ya ce iyakar abin da zai iya rantsewa a kai shi ne muna kama da marigayin ƙwarai.

Na wanke ƙafa na je gidan Mushe. Ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka kawo ruwa mai sanyi. Da na gama bayani ya ce shi duk tsawon koyarwarsa bai taɓa ganin abin da ya shiga tarihi mai shi yana yawo a gari ba. Ya ce in ma haka ne, godiya ta kamace ni, don addu'ar taro irin wannan ba kowa ke samu ba, kuma ba ta lalacewa, za ta jira ni a gaba. Ya rako ni har bakin titi, ya ce in gaishe da iyalan mamacin.

Don haka ga abin da nake roƙo, mai girma Perzidan. A maido mini kekena da ɗamararsa da kwarkwaronsa, yadda na ba da shi. Kuma a kawo shi da rana tsaka, a amalanke, a buɗe, a bi ta tsakiyar Zongo a hankali kowa ya gani. Ba na son a tozarta Mushe, dattijo ne, ni ma ina ganin girmansa. Ba sai ya ce ya yi kuskure ba. A ba shi mikro ɗin nan ya sanar cewa marigayin ya samu sauƙi, ya koma bakin aiki, wannan ya ishe ni. In Allah ya kai mu baɗi kuna iya sake taronku, yara sun ji daɗi, amma kafin a ɗaga hannu a leƙa a tambaya ko mai kaya yana cikin bash. Mai kopto ma a mayar mata da turminta, tun ranar na maƙwabta take aro.

Akwai magana ɗaya da na so in bari a cikina, amma gara ka ji ta. Labarin ya kai Madawa. Yayana, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, tsoho ne yanzu, da sanda yake tafiya. Ba shi da waya, a bakin mutane ya ji. Ya hau mota ya yini a hanya, ya iso Yamai da buhun gero na gaisuwa, ya same ni zaune a ƙofar shago. Shi bai gudu ba, bai kuma yi dariya ba. Ya kama damtsena yana matsawa, yana matsawa, yana kiran sunan da innarmu ke kirana da shi, hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar. Da zai koma na ce ya tafi da geronsa tunda ba a yi mutuwa ba. Ya dubi wurin da keken ke zama, ya ce a bar geron.

Perzidan, tun ranar geron gaisuwar mutuwata muke ci a gidan nan, ni da Rakiya da jikoki. Kunya nake ji duk lomar da na kai baki. Jiya Rakiya ta juye buhun ta karkaɗe shi a gabana. Wani buhun kuma ba zai zo ba sai in na mutu da gaske.

Allah ya ja zamaninka, ya yi wa kumitenka jagora, ya ƙara wa Mushe Garba lafiya da hasken ido. Allah ya sa mu ga watan azumi da rai da lafiya, kowa a bakin sana'arsa.

Wassalam.

Naka mai jiran amalanke,
Malam Hamidu Tela, Zongo, Yamai.